Gayyatar da Ba a Amsawa

Shekara ɗaya muka fara kundin digirin dakta ni da Aulis Pajula, a sashen nazarin hulɗar ƙasashe da harkar tsaro na jami'armu. Lokacin shi yana da gashi, ni ina da haƙuri. Na gama nawa a kan kari, ba don na fi shi ƙwaƙwalwa ba, sai don na yi wayo na zaɓi yaƙin da aka daɗe da gamawa, duk wanda zai musa mini ya riga ya mutu. Aulis kuwa abu mai rai ya ɗauko: yadda ƙaramar ƙasa irin tamu Finland take kwana lafiya a gindin Tarayyar Sobiyet. Ya yi shekaru yana fama, ya kai babin ƙarshe a hunturun 1991. Yana cikin gyaran waƙafi da aya sai Tarayyar Sobiyet ta ruguje.

Washegari na same shi a ɗakin shan kofi, ya baje jarida a gabansa.

Na ce, "Aulis, sun gudu maka da kundi."

Ya kurɓi kofinsa ya ce, "Babi na uku bai taɓu ba."

Ya sake zama daga farko. Wannan karon ya ɗaura niyyar nuna wa duniya dalilin da ya sa ƙasarmu ba za ta taɓa shiga ƙawancen soja ba. Aikin ya ci shekara talatin, domin shi aka bar wa ajin 'yan shekarar farko, wanda duk farfesoshi ke gudu, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ya gaji ba. Ya gama a farkon 2022, har ya sayo takardar bugawa mai kyau. Sai Rasha ta afka wa Ukraine, kafin bazara ta kankama gwamnatinmu ta nemi shiga ƙungiyar NATO. Na sake samunsa a ɗakin kofin, kujerar nan dai, kai babu gashi. Shi ya ɗago da kansa ya ce, "Babi na uku bai taɓu ba."

Babi na ukun nan shi ne dukiyarsa a duniya, shi kaɗai ya taɓa fitowa a mujalla da sunansa. Abin da ke ciki bai wuce wannan ba: mai ƙaramin ƙarfi kada ya riga kowa faɗin abin da yake so. Ya yi shiru, ya jira ɗaya ɓangaren ya buɗe ƙofa. Ko an buɗe ma kada ya yi rawar jiki ya shiga, ya ƙi tukuna, idan da gaske ake za a sake kiransa. Ga ƙasar da ke da iyaka da Rasha ban ce babu hikima a ciki ba. Matsalar ita ce Aulis da babin nan yake komawa gida.

Mutumin gabas ne, ɗan manomi daga wani ƙauye da idan ka tsaya bayan garkensu kana hango hasumiyar masu gadin iyaka. Ubansa, in ji shi, ya taɓa yaba masa sau ɗaya, ranar da ya faskara icen hunturu shi kaɗai. Tsohon ya dubi tulin icen ya ce, "To." Aulis ya riƙe wannan "to" har tsufansa. Kuma ba ya cin kifi, abin da a ƙasar tafkuna ake yi wa kallon naƙasa. Ƙaya ce ta taɓa maƙale masa a wuya yana yaro, daga nan ya yanke hulɗa da kifi, ba a kuma sake zaman sulhu ba. Duk wata liyafar sashe mu muna cin kifi, shi a kawo masa curin nama da dakakken dankali, abincin yara.

Ɗaliban da ya koyar sun zo sun wuce shi ɗaya bayan ɗaya, wasu sun zama farfesoshi, wasu jakadu, wasu hafsoshin soja. Idan ya ga ɗayansu a talabijin yana kumfar baki a kan makomar Turai, sai ya ce, "Wannan bai taɓa kawo aikin gida a kan lokaci ba." Taswirarsa ɗaya ce tun zamanin Sobiyet, duk ƙasar da ta ɓalle sai ya zana mata iyaka da biro. Sau ɗaya gidan rediyo ya kira shi, ranar da masanan tsaro na ƙasar suka ƙare. Mai shirin ta tambaye shi ko maƙwabcinmu zai kawo mana hari. Ya yi shirun da har ta zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Ya danganta." Ba su sake kiransa ba. A bukukuwan jami'a muna jere da baƙaƙen hulunanmu na dakta, shi yana gefe kansa a waje, bai taɓa nuna abin ya dame shi ba, ni kuwa na san ya dame shi.

Matarsa Ritva likitar haƙori ce, mace mai magana. Abin da ya haɗa su ban sani ba, wataƙila ta saba da yi wa mutanen da ba sa iya ba ta amsa hira. Ta yi shekaru tana jiran ya ce mata wani abu, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ranar da ta ce masa za ta koma garin Oulu, ya ce zai yi nazari a kai. Kafin ya gama nazarin ta buɗe asibitinta a can, har ta canja labule.

'Ya ɗaya suka haifa, Inkeri. Bayan rabuwar ta bi uwarta, amma da ta isa karatun dakta sai ga ta a sashenmu, da sunan dangin uwarta, Vuorela, don kada a ce uba ne ya ɗaura mata. Aulis ya ci gaba da harkokinsa. Sai dai a makon ya sayi sabuwar riga, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Muna da wani zama da ɗaliban dakta ke gabatar da takardarsu ta farko, malami ɗaya ya yi sharhi, bi da bi. Ranar Inkeri layi ya faɗo kan ubanta. Kowa ya zaci zai janye. Shi kuwa a ganinsa janyewa na nufin ya amsa cewa ba zai iya adalci ba, don haka ya zo da takardar ta sha jan biro kamar an yanka kaza a kai. Ya kira ta "Malama Vuorela". Ya bi ta shafi-shafi, bai bar ko waƙafi ba. Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Wannan ra'ayi ne. Bai zama bincike ba tukuna."

Yarinyar ta tattara takardunta ta ce, "Na gode, Malam Pajula." Daga ranar ba ta sake ce masa Baba ba.

Na bi shi ofis raina a ɓace. Kafin in buɗe baki ya ce, "Sirkka, rabon da in karanta takarda mai kyau irin wannan har na manta."

"To ka gaya mata?"

"Ta sani."

"Ta ina za ta sani? A mafarki?"

"Ba ki ga gyaran da na yi ba? Wanda ba shi da amfani ba na ɓata masa biro."

Na ce, "Aulis, kai kam sai a hankali."

Ni ce mai duba aikin Inkeri, ofishina kuma yana tsakanin nasa da ɗakin ɗalibai, sai na zama ƙasar da ke tsakanin manya biyu, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da abin da ke samun irin waɗannan ƙasashe. Idan sun haɗu a baranda, gaisuwar kai ce kawai. Saƙo kuwa ta kaina yake bi. Shi ya zo. "Sirkka, ki ce wa ɗalibarki an ce ƙanƙara za ta sauka ranar Lahadi, motarta har yanzu da tayoyin bazara." Ita ma ta zo. "Sirkka, ki ce wa malamin nan tarin da yake yi ana ji har ɗakinmu, akwai asibiti a garin." Duk ƙarshen bazara robar 'ya'yan itacen daji da ya tsinko da hannunsa takan bayyana a firijin sashe, ba suna a jiki. A kwana biyu robar ta dawo a wanke. Ba wanda ya taɓa cewa shi ya ajiye, ba wanda ya ce shi ya ci.

Kundinta kuwa ta juya shi kacokan kan babi na uku. Hujjarta ita ce shiru ba ya kare mai rauni, sai dai ya bar maƙwabci yana zato, zaton kuma yakan fi gaskiya muni. Babi na biyu na kundinta, daga farko har ƙarshe, rushe Pajula ne, cikin ladabi, da cikakkiyar madogara. Tun da ya rubuta abin nan babu wanda ya taɓa karanta shi da natsuwa irin haka. Na san ya samu kwafi, domin wata rana ya fito daga ofis idonsa ja wur, ya ce mini furen bishiyoyi ne ke damunsa. A watan Janairu muke.

Aka sa ranar kare kundin a ƙarshen Mayu. A bazarar nan Aulis zai yi ritaya ya koma wata bukka da yake da ita a gabas, Inkeri kuma ta samu aiki a Kanada. Barandar da ke haɗa su, da firijin, da ni, duk za mu ƙare lokaci ɗaya. Ga kuma karonkka, walimar da sabon dakta ke shiryawa da yamma don girmama malamin da ya zo daga waje ya soki kundin. A nan ne sabon dakta ke tashi ya gode wa mutane ɗaya bayan ɗaya, daga na nesa zuwa na jiki, sunan ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da zuciya, kuma duk wanda aka ambata sai ya miƙe ya mayar da jawabi. An gayyaci kowa a sashen, har da mutumin da ke gyara mana kwamfuta. Ba a gayyaci Aulis ba. Shi kuwa babu abin da yake so a duniya, har da digirin da ya ci masa rayuwa, kamar ya zauna a teburin nan.

Na tari Inkeri na ce, "Babanki fa?"

Ta ce, "Zauren kare kundi a buɗe yake ga kowa. Wanda yake da magana, akwai lokacin da ake tambaya."

Na ɗauka baƙar magana ce kawai, na ƙyale ta.

Ba a jima ba Aulis ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi. Ni ce zan shugabanci zaman, shi ya kawo shi.

"Sirkka, wurin nan da ɗalibi ke juyowa ya tambayi jama'a ko akwai mai suka. Idan wani ya ɗaga hannu, dole ki ba shi fili?"

"Dole."

"Kuma dole a gayyace shi walima."

"Al'ada ta ce a gayyace shi, al'adar kuma ta ce ya ƙi. Ka sani sarai, kai ka koya mini."

"An rubuta a wani wuri?"

"Da an rubuta ai da tuni an karya. Ba a rubuta ba."

"Idan mutum ya amsa fa?"

"Sai a jawo masa kujera, a yi ta labarinsa har jikokinmu."

Ya dubi takalminsa. Sannan ya ce, "Zan amsa."

Tun da nake wannan aiki sau ɗaya na ga an ɗaga hannu, wani tsoho ne da ya shigo fakewa ruwan sama, ya tashi ya yi ƙorafi a kan motocin bas. Shi ma da aka gayyace shi ya san ya ce yana da uzuri. Saboda haka na sa Aulis bita. Ni ce Inkeri, in ce, "Ina gayyatarka," shi ya ce, "Na gode, zan zo." Karon farko ya ce, "Na gode, zan duba." Na harare shi, ya sake, ya ce, "Bisa manufa ba ni da ja." Sai da kofinmu ya huce kafin kalmomin suka fito daidai, yana gumi kamar mai sa hannu a takardar miƙa wuya.

Ranar ta zo da zafi irin wanda ke rikita mu. Muka shiga zaure a jere yadda aka saba, Inkeri a gaba da baƙar doguwar riga, ni a bayanta, sai farfesan da ya zo daga Norway don sukar kundin, ni da shi kowa riƙe da hularsa a hannu. Ritva ta taho daga Oulu, tana layin gaba tana fifita. Aulis yana can layin ƙarshe kusa da ƙofa, cikin rigar ruwa, ya ɓalla maɓallanta har wuya. Kowa na gumi, shi ya fi kowa.

Mutumin Norway ya yi aikinsa, ya matsa ta inda ya kamata, ta amsa, ya miƙe ya ba da shawarar a karɓi kundin. Sai Inkeri ta juyo ta fuskanci jama'a, ta faɗi kalmomin da kowane ɗalibi ke faɗa yana fatan kada kowa ya motsa: duk wanda yake da suka a kan wannan kundi, ya nemi izini wurin shugabar zama. Ta dubi ko'ina a zauren ban da layin ƙarshe.

Hannu ya tashi. Ritva ta waiwaya ta ce, "Kai!" da ƙarfin da baƙonmu ya zabura.

Na ce, "Malam Pajula, ga fili."

Na yi zaton zai yi wata 'yar tambaya ta cika sharaɗi ya zauna. Na manta da wa nake. Ya ce a babi na biyu Malama Vuorela ta yi iƙirarin maƙwabcinmu ya ɗauki shirunmu a matsayin rauni, alhali takardun da ta karanta duk namu ne, na can ɓangaren suna kulle. Ta yaya ta san abin da suka fahimta? Tambaya ce ta gaske, mai cizo, mutumin Norway ma bai hango ta ba. Na ce a raina, shi ke nan, ya sake.

Inkeri ta ɗan yi tunani. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce shi ma Malam Pajula bai sani ba lokacin da ya rubuta cewa sun ɗauki shirun a matsayin hikima, domin takardun a kulle suke a lokacin ma. Wanda ya zaɓi shiru ya zaɓi kada ya taɓa sanin abin da aka ji, wannan kuwa caca ce, ba tsaro ba. Ta ƙara da cewa ya kamata ta faɗi haka ƙarara a shafin, ta gode da gyaran.

Aulis ya tsaya yana jujjuya maganar. Sannan ya ce, "Na gamsu," ya zauna. Ɗalibai nawa suka bi ta hannunsa, babu wanda ya taɓa jin wannan daga bakinsa.

Bayan an tashi aka fito shan kofi da kek a farfajiya. Na tsaya kusa da shi kamar mai tsaron jarrabawa. Inkeri ta ratso mutane ta zo, hannunta cike da furanni. Jama'a suka yi kamar kek ne a gabansu, alhali kunnuwa duk suna wajenmu.

Ta ce, "Malam Pajula, bisa al'ada, ina gayyatarka walimar yamma."

Na kafa masa ido ina motsa leɓe: zan zo, zan zo. Ya ɗan rusuna ya ce, "Na gode da karamci. Sai dai ina da uzuri."

Ta ce, "To." Ta juya da furanninta.

A wajen rataye riguna na ritsa shi.

"Uzurin me, Aulis? Wa kake da shi? Me kake da shi?"

"Ba ki ji ba? Bisa al'ada ta ce."

"To me kake so ta yi a gaban mutane, ta goya ka?"

"Idan da gaske take za ta sake kira."

"Babi na uku ke nan?"

Ya gyara wuyan rigar ruwansa.

Na ce, "Babin nan ya kore maka mata, yanzu zai kore maka 'ya, kai kuma kana nan kana shafa masa kai. Tafi don Allah, kafin in kwaɗa maka hular nan."

Ya tafi. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, tausayin ya fi yawa, abin da ya ƙara mini haushi.

A wani gidan abinci na bakin tafki aka yi walimar. Rana tana nan sama abinta, ba ta da niyyar faɗuwa. Maza sun zo da baƙar kwat mai jela da farar falmaran, wadda ba a sa ta sai don walimar yamma, da rana baƙa ake sawa. Aka zaunar da mutumin Norway a daman Inkeri, ni a hagunta. Kusa da Ritva akwai kujera ba kowa, na ɗauka wani ne ya kasa zuwa.

Aka kawo kifi, faranti-faranti, har aka gama zagaye. Sai ga mai hidimar ta dawo da faranti ɗaya daban, tana dube-dube.

"Wane ne ba ya cin kifi?"

Ba wanda ya tanka. Curin nama ne da dakakken dankali.

Ta ce, "An ce mana akwai mutum ɗaya. Tun ranar da aka kama wurin aka faɗa, tun ƙanƙara ba ta narke ba."

Inkeri ta ce a ajiye a gaban kujerar nan da ba kowa, idonta na kan cokalinta. Sai lokacin na gane maganar da ta yi mini cewa zaure a buɗe yake ga kowa. Ta san ubanta ba zai roƙa ba, ita kuma ba za ta fara ba, sai ta bar masa ƙofa ɗaya tilo da zai iya shigowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ta yi lissafin zai ɗaga hannu, ya kuwa ɗaga. Abin da ba ta sa a lissafin ba shi ne zai bi al'adar har ƙarshenta.

Ritva ta ajiye cokali ta ce, "Ni dai na auri ɗaya, na haifi ɗaya, har yau ban san wanne ya fi taurin kai ba." Ta tashi ta tafi buɗe taga, wai zafi.

Na raɗa wa Inkeri, "Ya yi bitar 'zan zo' a ofishina har kofi ya huce."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Jira yake ki sake kira."

"Haba Sirkka. Babi guda na rubuta a kan wannan shirmen, yanzu kuma in tashi in bi shi?"

Daga bakin taga Ritva ta ce, "Ku zo ku ga uzuri."

Tsallaken ɗan titin, a kan bencin jiran bas da ke kallon gidan abincin, Aulis ne zaune. Zafi ya ci ƙarfinsa, ya cire rigar ruwan ya ninke ta a cinya. Ga kwat mai jela, ga farar falmaran. Tun safe da ita ya fito daga gida, ita yake ɓoyewa a zauren yana gumi. Bas ta zo ta tsaya ta buɗe ƙofa, ya girgiza wa direba kai, ta wuce.

Inkeri ta daɗe tana kallo. Sabon dakta ba ya tashi ya bar babban baƙonsa a tebur, don haka ta juya ta nemi izinin mutumin Norway. Ya ce su ma a ƙasarsu ba a barin abinci ya huce. Ta ɗauki farantin da cokali mai yatsu, ta tattare doguwar rigarta da hannu ɗaya, ta fita. Wani ya ce a rufe tagar a ba su sirri. Ritva ta ce, "Daga Oulu na taho. Ba mai taɓa tagar nan."

Muka ji ta ce, "Baba, abincinka na hucewa."

Ya miƙe tsaye ya ce, "Na riga na ƙi a gaban shaidu."

"Na ji. Ba gayyata na kawo ba, nama na kawo."

Ya karɓi farantin ya tsaya riƙe da shi.

Ta ce, "An kusa fara jawabi. Wanda aka ambaci sunansa dole ya tashi ya amsa. Wannan ba a ƙin ta, ka sani."

"Ai sai in an ambata."

"To ka tsaya nan ka ji ta taga."

Ta juyo ta tsallako titi ba ta waiwaya ba. Ya bari ta kai ƙofa, sannan ya biyo ta da farantin a hannu biyu, rigar ruwan ya manta da ita a benci. Ya shigo ya zauna kusa da Ritva. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kwat ɗin aurenmu ce?" Ya ce ita ce. Ta ce, "Ta fi mu daɗewa."

Inkeri ta buga cokali a kofi ta miƙe. Ta gode wa mutumin Norway, ta gode mini, ta bi abokan karatu, ta zo kan uwarta, Ritva ta yi kuka da ƙara a cikin adikon tebur. Sannan ta ce saura mutum ɗaya. Ta ce kundin nan duka gardama ce da shi, kuma ba ta san wani da ya cancanci a yi shekaru ana gardama da shi kamarsa ba. Ta ce 'ya'yan itacen suna da daɗi. Ta ce, "Baba," ta zauna.

Aka bi layi ana mayar da jawabi. Mutumin Norway ya yi tsawo, ni na gajarta, Ritva ta ba da labarin haƙoran Inkeri na fari. Aka zo kan Aulis. Ya miƙe, ya dafa tebur, ya yi shirun da har na fara zaton shi ne jawabin.

Ya ce, "Inkeri." Ya tsaya. "Takardar nan taki ta farko bincike ce. Tun ranar na sani, ban faɗa ba." Ya sake tsayawa, ya dubi farantinsa. "Babi na uku ya taɓu."

Ya zauna. Mutumin Norway ya dube ni yana neman bayani, ban iya ba shi ba, domin ni da ba na kuka ko a jana'iza sai ga ni ina laluben adiko. Inkeri ta taso daga wurinta ta zagayo, ta ja kujera ta zauna kusa da ubanta. Naman ya riga ya yi sanyi ƙalau, mai hidimar ta zo za ta ɗauka ta ɗumama. Ya riƙe farantin, ya ce a bar shi haka, ya cinye tas.